Zoben Ghali Ba'amurke

"Ƙara tsoma shi," in ji Salissou. "Har wuyan hannu."

Ghali ya sake tura hannunsa na dama cikin kwanon, ya ɗago shi yauƙi na zarara har kan tabarma. Busasshiyar kuɓewa ce aka kaɗa ba gishiri ba daddawa. Hajiya Delou mai tuwo ce ta aiko da ita musamman don wannan aiki, haɗe da saƙon cewa tun da take ba ta taɓa ganin zoben da ya gagari yauƙi ba. Salissou ya kama zoben da yatsu biyu, ya murza hagu, ya murza dama, sannan ya ja. Zoben ya biyo shi salin-alin har gaɓar tsakiya, nan ya ja birki, daidai inda ya tsaya ran da aka gwada sabulu, da ran da aka gwada man kaɗe.

"Big man," Ghali ya ce yana dariya ƙasa-ƙasa, "miyar mutane kawai muke ɓatawa."

Salissou bai yi dariya ba. Ya jawo tsumma ya goge masa hannun, yatsa bayan yatsa, yana kallon gaɓar nan da ta yi ƙulu kamar an cusa goro a ƙarƙashin fata.

Maƙwabta ne, ƙofa na kallon ƙofa, a hawa na biyu na wani tsohon gida da ke bayan kasuwar kayan miya ta Utaiƙa, a Riyad. Irin gidan nan ne da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwa a kan matakala duk shekara, kowa ya san inda zai tsallake. Salissou mutumin Tibiri ne ta ƙasar Maraɗi, dako yake yi a kasuwa, yana tura amalanke cike da buhunan albasa da kwandunan tumatir daga manyan motoci zuwa rumfuna. Allah ya yi masa jiki. In ya shigo lungun gidan, wanda ke fita sai ya koma baya ya jira. Ghali kuwa Bazazzagi ne, ya ba shi shekaru masu ɗan dama, gajere kakkaura, wuya kamar turmi, yana ɗingisa ƙafar hagu. Tuƙi ne ya kawo shi Riyad. Daga baya kafil ɗinsa, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya gano yana zuba Turanci kamar ya haɗiye rediyo, sai ya mai da shi wani gidan motsa jiki da yake da shi a arewacin gari, yana nuna wa masu tumbi yadda ake ɗaga ƙarfe.

A gidan ana ce masa Ba'amurke, rabi girmamawa rabi tsokana. Yana yaro mahaifinsa ya tafi karatu Amurka ya kwashi iyali, a can ya girma, a can ya yi jami'a, kuma a faɗarsa ƙwallo ce ta ɗauki nauyin karatun nasa. Nan gardama ta samo asali. Wata Juma'a da la'asar 'yan gidan suna taɓa ƙwallo a wani fili kusa da gadar metro, jirgin ƙasan cikin gari, ta gangaro wajen Ghali, ya kai mata ƙafa, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa ko sallama ba ta yi masa ba. Isiyaku direba, wani Bakano mai bakin tsiya, sai da ya zauna a ƙasa don dariya, ya ce yau kam ya ga ɗan ƙwallon Amurka da idonsa. Ghali ya buɗe waya ya nuna musu irin ƙwallon da yake nufi: abu mai siffar gwanda, da ƙarti sanye da hular kwano suna karo da juna kamar raguna. Suka kalla, suka yanke hukunci cewa wannan dambe ne na taron dangi, an dai jefa ƙwallo a ciki don a raina wa mutane hankali.

Salissou ne kaɗai ya ji labarin har ƙarshe, ba don ya fi kowa haƙuri ba, sai don shi ke dafa shayi, mai shayi kuwa ba ya tashi ya bar buta a kan wuta. Ghali yakan jera kofuna biyar a kan faranti ya ce waɗannan su ne ƙartin gabansa. Ya ɗauki dabino ya ajiye a bayansu ya ce wannan shi ne. Sunan aikinsa running back, Salissou kuwa har gobe ranimbak yake cewa. Za a damƙa masa ƙwallo a ciki ya rungume ta, ƙartinsa su ture ƙartin wancan ɓangare, sai wata 'yar kafa ta buɗe tsakanin mutum da mutum. Ba ta wuce ƙiftawar ido take rufewa. In ka gan ta ka bi, in ka tsaya shawara an danne ka. Ya ce mai gudu ake tafa wa, amma mai buɗe hanya ne ya yi aikin. Kuma abu ɗaya ne ba a yafe wa ranimbak, wato ya saki ƙwallo kafin a busa usur. A karya ka, a tattake ka, duk ba abin kunya ba ne, muddin in an ɗaga mutane daga kanka aka tarar tana hannunka. Daga nan Salissou ya gane dalilin da ya sa ko burodi Ghali ya sayo a wajen Ba'afganen da ke gasa shi a unguwar sai ya maƙale shi a ƙirji, kamar wani zai fito daga lungu ya fizge.

A shekararsa ta uku suka ci kofin jami'o'in yankinsu, aka ba kowa zobe. Zobe ne mai nauyi, na farin ƙarfe, da shuɗin dutse a sama da lambar rigarsa a gefe. Ba zinari ba ne, ya riga ya gama wannan mahawarar da limamai a ƙasashe uku. Shekara na zagayowa wani ya faɗa masa a gwiwa, ya ji ƙara kamar an karya kara. Manyan ƙungiyoyin da ke turo mutane su kalle shi suka koma kallon wani. Ya ɗan yi 'yan ayyuka a can, ya dawo gida, ya yi aure, aka haifi Jamilatu, auren ya mutu, yarinya ta tashi a hannun dangin uwarta a Kaduna, shi kuma ya kama hanyar Riyad. Duk tsawon shekarun nan yana watsa maganin ciwon gwiwa da na baya da na wuya a baki kamar gyaɗa. A bana ƙodarsa ta ce ta gaji. Ƙafafu suka kumbura, hannuwa suka biyo baya, sai kuma ya tashi da maganar lallai a cire masa zoben nan a aika wa Jamilatu.

Da kuɓewa ta ba da su, Salissou ya kawo shawarar da kowa zai kawo. Ya ce su hau metro zuwa Baɗaha wajen maƙeran zinari, a yanke shi a liƙe, ba wanda zai gane. Ghali ya girgiza kai.

"Yarinyar nan, duk abin da ta samu daga wajena guntu ne," ya ce. "Guntun uba, guntuwar murya a waya, guntun hutu in shekara biyu ta zagayo. Tana ƙarama in na ɗauke ta, zoben nan take murzawa har barci ya kwashe ta. Ina so ta samu abu ɗaya nawa cikakke, ba yanka ba liƙi."

Sai ya miƙo hannun ya shiga yi wa Salissou darasi, kamar mai nuna yadda ake kwance tayar mota. Ya ce yatsan nan sau biyu yana karyewa a fili, sau biyun kuma wani ya ja shi ya miƙe, aka naɗe da filasta, ya koma wasa. Shi ya sa da girma ya zo gaɓar ta yi ƙulu ta kulle zoben a ciki. In aka lanƙwasa yatsan gefe, aka danna nan da babban yatsa da ƙarfi, gaɓar za ta balle, zoben zai sulluɓo. Mai ƙarfin Salissou ba sai ya yi sau biyu ba.

"Yalla, maza yi yanzu. Zan kau da kai."

"Ban iyawa, Alhaji."

"To ka bari sai na mutu. Lokacin ba zan ji ba."

"Allah shi kiyaye. Wa ya ce maka mutuwa za ka yi?"

"Likita. Da Turanci mai kyau kuwa." Ya kama wuyan hannun Salissou, kuma duk da ciwon, riƙon na nan yadda yake. "Kar ka bari su yanke shi, big man. Ka ce to."

Salissou ya kalli bango, ya kalli kwanon kuɓewa, ya kalli ƙofa ko Allah zai jefo wani. Ba kowa. Ya ce to. Kuma shi mutum ne da a kasuwa in ya ce to, mai rumfa juyawa yake ya ci gaba da harkarsa, ya san kaya sun iso. Tun daga ranar kalmar nan ta zauna masa a ƙirji, yana tura amalanke tana tare da shi.

Makonnin da suka biyo baya ba wani abin labari a cikinsu. Ana kai Ghali asibiti wankin ƙoda, da farko a metro, da matakalar tasha ta fi ƙarfinsa sai Isiyaku ya shiga kai shi a mota, yana tuƙi yana tsokanarsa da tambayar yaushe Amurkawa za su turo jirgi su ɗauki gwarzonsu. Hajiya Delou, Badamagariya ce da ba a mai da mata magana, ta koma yi masa tuwo da miya ba gishiri, ya ci yana mita, ta aiko a ce masa in ya warke ya zo ya sha gishirin da cokali. Kafil ɗinsa mutumin kirki ne, ya ce ya zauna ya huta. Maganar komawa gida kuwa tun bara ake ɗaga ta, daga bayan azumi zuwa bayan Hajji, har ta kai ba wanda ke tayar da ita.

Juma'ar ƙarshe da ya fita, ya nace sai ya je masallaci da ƙafarsa. Hanya mafi kusa ta ratsa bakin kasuwa, inda masu saye da masu saukewa ke cakuɗe, ba mai kallon ƙafar wani. Salissou ya shiga gaba, ya ce ya riƙe masa bayan riga. Ya sunkuyar da kafaɗa kamar yadda yake yi in yana bayan amalanke, ya ɗaga murya irin ta 'yan dako masu neman hanya: "Ɗarig! Ɗarig!" Mutane suka dare biyu. Ghali na biye da shi yana ɗingishi yana haki, suka ɓulla ɗaya gefen ba wanda ya ko goge shi. A bakin masallaci ya jingina da bango, gumi na keto masa, yana murmushi. Ya ce da a ce Salissou ne a gabansa a wancan zamani, da har yau gwiwarsa lafiya lau take. Salissou ya ji daɗin maganar nan ƙwarai, ya duƙa ya cire masa takalmi.

Ranar da abin ya faru, Salissou ya dawo daga kasuwa da hantsi riƙe da burodi mai zafi da ledar wake. Ya yi sallama a ƙofar Ghali, shiru. Ƙofar a sakaye take, ya tura. Ghali na kwance a kan katifa ta gefen dama, ya maƙale filo a ƙirji da hannu ɗaya, na'urar sanyi na ta kaɗawa. Salissou ya kira shi Alhaji, ya kira shi Ba'amurke, ya taɓa wuyansa. Rai ya riga ya yi halinsa. Ya ajiye burodin a kan kujera, ya yi salati, ya shafe masa ido, ya zauna a ƙasa kusa da shi.

Hannun na nan a kan filo, zoben na kallonsa, gidan kuma ba motsin kowa. Ya daɗe yana duban yatsan. Sai ya gaya wa kansa cewa yanzu ba lokacinsa ba ne, 'yan sanda za su zo, in suka ga gawa da sabuwar karaya shi za a fara tambaya. Wannan gaskiya ce, amma Salissou ya san ba ita ta hana shi ba. Ya ciro waya ya kira Isiyaku.

Mutuwar baƙo a Riyad ba ta ƙarewa a yini guda. Motar asibiti ta zo, 'yan sanda suka zo, aka kai shi ɗakin ajiye gawa. Kafil ya yi zirga-zirgar da ta dace da shi, aka nemi Jamilatu a waya, ta yarda a binne mahaifinta inda Allah ya karɓi abinsa. Kwanaki suka ɗan shuɗe. Salissou na zuwa kasuwa yana dawowa, in ya dafa shayi sai ya ga ya jera kofi biyu. Da aka ba da gawar, aka kawo ta ɗakin wanka da ke jikin babban masallacin unguwa, aka ce za a yi mata salla bayan la'asar.

Mai wankan wani tsoho ne ɗan Sudan, mai farin gemu da tattausan hannu. Ya ce mutum biyu daga cikin 'yan'uwa su shigo su taimaka. Ba ɗan'uwa ko ɗaya, sai Salissou da Isiyaku suka shiga. Aka rufe tsiraici, aka haɗa ruwa da garin magarya, tsohon na nuna musu inda za su tallafa, su juya dama, su juya hagu. A nan Salissou ya ga jikin maƙwabcin nasa a karon farko. Gwiwar hagu da ɗinki dogo kamar bakin buhu. Ƙashin wuya ya karye ya haɗe a karkace. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya saukowa, ga wani ɗinkin a idon sawu, yatsun ƙafa kowanne da inda ya nufa. Isiyaku, mai bakin nan, ya kalli gwiwar ya kalli Salissou.

Da aka zo hannun dama, tsohon ya ɓare filastar da 'yan asibiti suka naɗa a kan zoben. Ya gwada da kumfa. Ya ɗauko zare ya naɗe yatsan a hankali ya warware, dabarar da ya ce ta fitar masa da zobba ba adadi. Zoben ya zo gaɓa ya tsaya. Tsohon ya ce ba komai, mamaci ba ya tafiya da kayan duniya, dole a yanke. Yana da ɗan zarto na wannan aiki a ɗayan ɗakin. Ya tsame hannu ya fita.

Isiyaku ya san da alkawarin, don Ghali ya gaya masa a hanyar asibiti. Ya matsa ya jingina bayansa da ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Yanzu ne, Salissou. Ni na tare nan. Yi sauri."

Salissou ya ɗauki hannun. Sanyi ƙalau, da nauyi. Ya ɗora babban yatsansa daidai inda Ghali ya nuna masa, ya kama kan yatsan da ɗaya hannun. Bai manta komai ba a darasin: lanƙwasa gefe, danna da ƙarfi. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa da hannu ɗaya, wannan ba aiki ba ne a wajensa. Ya ji takun tsohon a can nesa yana buɗe wata durowa. Idonsa ya koma kan gwiwar, da ƙashin wuyan, da kafaɗar. Ba gaɓa ɗaya a jikin nan da ba a biya da ita ba don kar a saki abin da aka riƙe. Mutumin ya mutu, ga shi kwance ana yi masa wankan ƙarshe, amma har yanzu yana miƙo wani ƙashi a karya. Tausayi ya kama Salissou, irin wanda bai taɓa ji wa babban mutum ba, da ɗan haushi a ciki.

Ya sassauta yatsunsa. Ya sunkuya kusa da kunnen Ghali.

"An busa usur, Alhaji," ya ce. "Saki hakanan. Ka gahwarta mini."

Isiyaku ya dube shi, sannan ya janye daga jikin ƙofa. Tsohon ya shigo da ɗan zarton. Salissou ya roƙe shi da guntun Larabcinsa na kasuwa ya bar shi ya yi da kansa. Tsohon ya zura wani siririn ƙarfe tsakanin zoben da fata don kar a taɓa naman, ya miƙa masa. Farin ƙarfen nan ya yi gardama, sai da gumi ya tsattsafo wa Salissou kafin ya raba shi ta ƙasa, aka sa filaya aka ɗan buɗe bakin, ya fito. A inda ya tashi, fatar ta yi haske sumul, zagaye guda, kamar ta saurayi. Tsohon ya wanke wajen kamar yadda ya wanke ko'ina, ya shafa kafur, aka kawo likkafani. Salissou ya jefa zoben a aljihun gaba. Ya ji kunyar saɓa alkawari har cikin ƙashinsa, kuma bai yi da-na-sani ba; duka biyun suka zauna tare a ransa, ba wanda ya kori wani.

Gawawwaki da yawa aka jera a gaban liman ranar, ɗaya ta wani dattijo ce mai babban dangi, masallaci ya cika har waje. Ana sallamewa kowa ya zabura ya ɗauki tasa, don mutanen nan ba sa jinkiri da gawa. Masu rakiyar Ghali ba su da yawa: 'yan gidan, da 'yan dako uku da suka baro kasuwa, da kafil ɗinsa, da wani Bafilipine da suke aiki tare wanda ya tsaya a waje yana jira. Suka ɗaga makara suka nufi ƙofa, sai suka tarar ta cushe da jama'ar dattijon, ana ta turereniya, makarar Ghali na tangaɗi a kafaɗu tana neman komawa baya.

Salissou ya ce wa Isiyaku ya karɓi gefensa. Ya zagayo gaba, ya sunkuyar da kafaɗa, ya buɗe murya.

"Ɗarig! Ɗarig!"

Fararen riguna suka dare. Bai ture kowa ba, tafiya kawai yake yi, amma ba wanda ya ga girman nan na tahowa ya tsaya shawara. Kafa ta buɗe tun daga sahun gaba har bakin motar ɗaukar gawa, makarar ta biyo bayansa a miƙe, ba ta taɓa kowa ba.

A maƙabarta aka sa shi a kabari, aka jera tubali, kowa ya zuba ƙasa da hannunsa. Aka kafa dutse a kai da dutse a ƙafa, ba suna ba lamba, kamar na kowa da ke filin. A hanyar dawowa Isiyaku na tuƙi, sai can wajen wata danja ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, ashe da gaske mutumin nan ya buga ƙwallo. Hajiya Delou ta aiko da tuwo tire biyu, wannan karon da gishiri.

Washegari da yamma Salissou ya ɗora shayi a gaban ɗakinsa, ya fito da zoben ya ajiye a kan faranti, ya kira Kaduna. Bai taɓa magana da Jamilatu ba sai gaisuwa daga nesa in Ghali ya juyo masa waya. Suka yi wa juna ta'aziyya. Ta yi masa godiya, ta kira shi Baba Salissou. Bai iya kwana-kwana ba, don haka ya faɗa mata kai tsaye: mahaifinta ya bar mata zobe, ya ce a kai mata shi cikakke, ya kuma faɗi yadda za a cire shi. Ya gaya mata yadda ɗin, bai rage komai ba.

"Na ce mashi to, ɗiyata. Da lokaci ya zo ban yi ba. Ni na yanke shi da hannuna. Laihin nawa ne."

Sai ta tambaye shi.

"Haka Baba ya ce a yi masa?"

"Hakanan ya ce."

"Hannun nasa fa?"

"Ya tahi da shi yadda yake. Ba a taɓa shi ba."

Sai ya ji ta fashe da kuka, ya riƙe wayar ya bar ta ta yi. Da ta natsu ya ce mata akwai maƙera a Baɗaha da za su liƙe shi tsaf, ko ita ba za ta gane wajen ba. Ta ce a'a, kar a liƙe, a kawo mata shi haka. Ya ce Hajiya Delou za ta gida wata mai zuwa, ta Kano za ta sauka, zai ba ta. Suka yi sallama.

Shayin ya tafasa. Ya sauke, ya zuba a kofi ɗaya, ya mai da ɗayan cikin kwando. Ƙofar da ke kallon tasa a rufe take da sabon kwaɗo, ruwan na'urar sanyi na ɗiga a kan matakala. A kan farantin, wani kiyashi ya samu ƙwayar sukari a tsakiyar zoben, ya ɗauka ya rungume. Ya bi jikin ƙarfen ta ciki yana zagayawa, ya tsaya, ya koma baya, har ya iso inda zarto ya ci. Ya bi ta nan ya fita da abinsa, ya miƙe zuwa bakin faranti.